Hannun Hagu a Aljihu

Ranar da na fara ganin Mas Kuswadi na ɗauka marar tarbiyya ne. Mas a yarenmu yaya ne, haka ake kiran namiji don girmamawa. Na shigo gidan rediyon garinmu da takardar ɗaukar aiki a hannu, aka nuna mini ɗakin baya, na gaishe shi har da rusunawa. Shi kuwa yana tsaye ya ba ni baya, hannunsa na hagu cuse a aljihun wando kamar Baturen gonar rake. Ko juyowa bai yi ba.

"Tsaya a bayan farin layin nan, Dik," ya ce, wato ƙanwata. "Ina zuwa."

Na tsaya ina cika ina batsewa. A gidanmu ko ƙanena ɗan shekara biyar ya san ba a sa hannu a aljihu a gaban mutane. Abu da hannu biyu ake karɓarsa, in za ka wuce babba ka sunkuya, in ka tsaya gabansa ka haɗa hannuwanka a ƙasan cibiya. Da ya gama abin da yake yi ya rufe ƙofar akwatin ƙarfen da ke gabansa, ya fito da hannun, sannan ya gaishe ni da ladabin da ko a fada sai haka. Kunya ta sa na rasa inda zan shiga.

Shekarar 1938 ce. Ƙungiyar masu sauraro ta garinmu ce ta kafa gidan rediyon a wani tsohon rumbun shinkafa da ke bayan kasuwa. A ɗakin gaba, inda aka lulluɓe bango da buhuna, ni Warsini nake zama gaban makarufo ina karanta gaisuwar masu sauraro da farashin barkono. A ɗakin baya injin watsa shiri yake, akwatin ƙarfe da ya fi mutum tsawo, cikinsa jere da ƙwayayen gilashi irin na fitilar lantarki, sai dai babban cikinsu ya kai gwanda. In suka yi zafi sai su yi wani ja mai laushi kamar garwashin da aka rufe da toka. Na karanta littattafan soyayya sun fi a ƙirga, na daɗe ina jiran wanda zai rubuto mini waƙa a kan wata da taurari. Sai ga shi zuciyata ta faɗa wa mutumin da ke hira da gilashi.

Haka yake yi kuwa. Kowace safiya sai ya kunna ƙaramar wuta ya bar ƙwayayen su ɗumama na kwatan awa guda kafin ya saki babbar, yana ce musu, "A hankali, 'yan gata, ba mai korarku." Ba ya taɓa su da yatsa, sai da farin ƙyalle, wai maiƙon hannu yana fasa gilashi in ya yi zafi. Ƙofar akwatin tana da wani makunni a gefe, da zarar an buɗe ta babbar wutar za ta yanke da kanta. Duk da haka ba ya yarda. Sai ya ɗauko wata sanda mai ƙugiyar tagulla, wadda wayarta ke binne a ƙasa, ya bi kowane ƙarfe ya taɓa. Wani lokaci a ji ƙara tas, kamar an fasa kwakwa.

"Kin ji?" yakan ce. "An kashe wuta, amma ga ragowarta ta laɓe tana jiran baƙo."

Na tambaye shi maganar aljihun bayan mun saba. Ya kama yatsana na dama, ya bi da nasa yatsan ta kan hannun rigata har kafaɗa, ya tsaya, kunya ta hana shi ci gaba.

"Wuta matafiyiya ce, hanyar wucewa kawai take nema. In ta shigo ta nan ta tarar ɗaya hannun ya dafa ƙarfe, ta ƙirji za ta ratsa ta fita can. Zuciya kuwa tana kan hanya. In hannun yana aljihu, ba gada. Wani tsohon ma'aikacin rediyon jirgin ruwa ne ya koya mini a birnin Surabaya. Yatsunsa bakwai."

Ya rubuta dokar da jan fenti a bangon ɗakin da hannunsa: in kana gaban injin, hannun hagu a aljihu. Kowa ya koya wa, har Mbok Jinem, wato Inna Jinem, mai kawo mana shayi da soyayyen rogo. Ya nuna mata babban makunni mai mariƙin katako da ke bakin ƙofa, ya ce in ta taɓa ganin wuta ta kama mutum, kada ta taɓa shi, wannan za ta ja ƙasa.

"Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?" ta ce.

"Ja kawai, Mbok. Kamar kina jan kunnen mijinki."

"Wannan ai na gwanance." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, 'yar nan, ki yi tunani tun da wuri. Wannan ko ranar aure da hannu ɗaya zai karɓe ki, ɗayan yana can yana gadin aljihun da ba komai a ciki."

Ban yi tunanin ba. Bayan wata takwas iyayensa suka zo gidanmu. Babana ya amince ne saboda abu guda, ya faɗa kuma bai ɓoye ba: yaron yana da aikin albashi a ƙarƙashin mutanen kirki.

Mutumin kirkin shi ne Ndoro Tirto, wato Ranka-ya-daɗe Tirto, shugaban ƙungiya, tsohon akawun gwamnati mai jinin sarauta. Kada a ɗauka mugu ne. Shi ya sayar da gonarsa aka sayo babban ƙwan nan. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, gyaran murya kawai yake yi, ɗaki ya yi tsit. Yana son gidan rediyon kamar ɗansa, yana kuma son a gan shi da shi. Duk babban da ya zo garin sai an kai shi ɗakin baya. Wata rana ya kai wani hakimi da matarsa, suka tarar da Mas Kuswadi yana aiki. Kafin la'asar magana ta zaga gidajen manya, wai Ndoro Tirto ya ajiye yaron da ke kallon hakimi da hannu a aljihu.

Ran Laraba ya kira shi ofis. Bangon katako ne, ina jin komai.

"Kus, ran Asabar Kanjeng Bupati, mai martaba sarkin gundumarmu, da kansa zai zo. Zai yi jawabi, sannan ya zaga."

"To, Ndoro."

"Ina so ya ga ƙwayayen nan suna ci. Ta wannan 'yar tagar ba a ganin komai. A buɗe masa ƙofar."

"In aka buɗe, wutar za ta yanke, Ndoro. Shiri zai tsaya."

"Makaɗa suna kiɗa, gari duka yana saurare, Kanjeng yana cikin gidan, shiri ya tsaya? Na ga kana danne makunnin nan da ɗan gora in kana gwaji."

"Ni kaɗai a ɗakin, Ndoro, ƙofa a kulle."

"To ran Asabar za ka samu abokan hira." Ya yi gyaran murya. "Sai maganar hannun nan. Na ji bayaninka, ban ce ƙarya kake ba. Amma ubanka ya yi wa ubana noma shekara talatin, ban taɓa ganin ya ɗaga ido ba. Kai ma ba a Surabaya aka haife ka ba. In na ga hannun nan a aljihu a gaban Kanjeng, ran Litinin ka yi zamanka a gida."

Sai na ji Mas Kuswadi ya ce, "To, Ndoro."

Ran Juma'a da yamma muka zauna ni da Mas Kuswadi a rumfar abincin Mbok Jinem, ya sa shinkafa a gaba bai taɓa ba. Saura wata biyu bikinmu. Uwata ta riga ta rina zanen biki.

"Na yi dabara," ya ce. "Zan saita komai tun da safe, in ja igiya nesa da injin, in koma gefe in haɗa hannuwa kamar gunki. Ba zan kusanci akwatin ba, balle a yi maganar aljihu."

"In wani abu ya taso fa?"

"Sai in yi aikina yadda na iya."

"Mas." Na kama hannun rigarsa. Har yau ina jin laushin yadin nan a yatsuna. "Minti nawa ne? Biyar? Shekara huɗu kana aikin nan wuta ba ta taɓa ka ba."

"Don me kike jin ba ta taɓa ni ba?"

"Don ka iya! Wanda ya iya kamar kai, minti biyar ba za su ci shi ba. In aka kore ka, me zan gaya wa Baba? Kana so a ce Warsini ta auri mai girman kai, marar aiki?"

"Gara a ce ta auri gawa mai ladabi?"

Ya faɗa da dariya, ni kuma na fashe da kuka, irin kukan da na koya a littattafai, wanda ke sa namiji ya rasa ta cewa. Mbok Jinem ta leƙo ta ce in za mu yi wasan kwaikwayo mu koma gaban makarufo, a nan abinci ake sayarwa. Ya share mini hawaye da farin ƙyallen ƙwayayensa. Bai yi mini alkawari ba. Sau dubu na juya hirar nan a raina, bai yi alkawari ba.

Asabar ta zo da zafi mai nauyi, irin na gab da ruwa. An yi wa ƙofar gida ado da ganyen kwakwa. Ƙarfe goma Kanjeng Bupati ya iso, dattijo mai sanyin fuska, ya yi jawabinsa a kan noman rani. Na sanar da makaɗan gamelan, masu kiɗa da kuge da farantan tagulla, tagulla ta fara amo, sannan na bi ayarin da tiren furanni kamar yadda aka umarce ni. Mbok Jinem tana bayanmu da shayi.

Ɗakin baya ya yi kamar tanda. Mutum goma sha biyu a wurin da aka yi don mutum ɗaya, ga ƙofar akwatin a wangale, iskar fanka tana zubewa waje ba ta bi ta kan ƙwayayen ba. Guntun goran yana danne da makunni. Mas Kuswadi yana gefe cikin farar riga, hannuwa a haɗe, ido a ƙasa. Na ji daɗi har raina. Na ce a zuciyata, ka gani, ba wuya.

Ndoro Tirto ya yi ta bayani. Kanjeng ya tsallake igiyar, don ba wanda zai ce wa Kanjeng kada ya tsallake, ya matsa yana kallo kamar yaro a gaban wasan inuwar 'yan tsana.

"Wancan babban ya fi sauran kyau," ya ce. "Dubi yadda yake ƙara haske."

Na ga Mas Kuswadi ya ɗago. Jan babban ƙwan ya tashi daga na garwashi ya koma ruwan lemo, allurar mita tana hawa. Ya taɓa gaya mini cewa in ya kai haka, saura kaɗan gilashin ya narke ko ya fashe, kuma babu wani irinsa sai an yi wata uku ana jiran jirgi. Ga fuskar Kanjeng kamu uku daga gilashin. Mas Kuswadi ya dubi babban makunni, ya dubi Ndoro Tirto. Ndoro ya girgiza kai kaɗan, wanda bai san shi ba ba zai lura ba.

"A gafarce ni, Kanjeng," Mas Kuswadi ya ce, ya sunkuya ya shiga tsakanin dattijon da injin. Ya ɗauki doguwar sukundirebarsa mai mariƙin roba ya zura hannun dama ciki. Hannun hagu kuwa ya tafi gidansa da kansa, ba tare da ya aike shi ba. A hankali allurar ta fara sauka, lemon ya fara komawa ja.

Ndoro Tirto ya yi gyaran murya.

Kanjeng bai ma lura da aljihun ba, na rantse bai lura ba. Abin ya burge shi ne. Ya ciro gwangwanin azurfa, ya zaro taba mai kanumfari, ya miƙa wa Mas Kuswadi da hannunsa mai daraja.

"Karɓi, yaro. Hannunka yana da albarka."

Kanjeng Bupati yana tsaye da hannu a miƙe. Mutum goma sha biyu sun ɗauke numfashi. Mas Kuswadi ya waiwayo, hannun damansa yana ciki bai gama ba. Bai dubi Ndoro Tirto ba. Ni ya duba, ta saman kafaɗun manya, inda nake tsaye a bakin ƙofa da tiren furanni.

Idona kawai na saukar kan aljihunsa, na ɗago, na ɗan gyaɗa kai.

Ya fitar da hannun. Da hagu kaɗai ba a karɓar kyautar Kanjeng, don haka ya sunkuya zai rusuna tukuna ya janyo na dama, kamar yadda uwarsa ta koya masa tun yana rarrafe. Wurin ya yi ƙunci, ya dafa bakin akwatin da hagun don kada ya faɗa kan dattijon. Sunkuyawar ta ɗaga wuyan hannunsa na dama ya taɓa hular ƙarfen da ke kan babban ƙwan.

Ba ƙara mai yawa aka ji ba. Wani zuu ne, da shuɗin haske, da wari irin na gashin da ya faɗa murhu. Jikinsa ya sandare, bakinsa a buɗe ba murya, yatsun hagun sun damƙe ƙarfen sun ƙi saki. Manyan garinmu suka ja da baya, kowa yana kare Kanjeng. Ni da ya koya wa komai na tsaya riƙe da furanni. Tiren shayi ne ya tarwatse a ƙasa, Mbok Jinem ta ture wani hakimi da gwiwar hannu, ta kama mariƙin katakon da hannu biyu ta ja.

Ƙwayayen suka dushe. Mas Kuswadi ya zube. A ɗakin gaba makaɗa suna ta kiɗa, ba su san ba mai jin su ba. Cikin wannan shirun na ji Ndoro Tirto ya ce, a hankali, kamar mai magana cikin barci, "Wa ya tsayar da shiri?"

Bai mutu ba. Likitan asibitin mishan ya ce zuciyarsa ta tsaya ta sake tashi, shi ma bai san dalili ba. Hannun dama ya warke da tabo, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Na hagu aka yanke daga wuyan hannu a rana ta tara. Kanjeng ya aiko da kwandon lemo da gaisuwa, na kuma yarda da zuciya ɗaya ya aiko.

Yana kwance kwamitin ƙungiya ya zauna. A ɗakin baya suka yi zaman, gaban injin, wai don su ga wurin da idonsu. Guntun goran ya ɓace, ba kuma wanda ya tambaya. Sakatare ya ɗaga kai ya karanta jan rubutun da ke bango da ƙarfi, ya tambaya wa ya rubuta. Aka ce Kuswadi. Ya tambaya ko ya bi dokar a ranar. Aka ce bai bi ba. Sannan aka kira ni.

"Nak Warsini, 'yata, kina wurin," Ndoro Tirto ya ce. Ya rame, idanunsa sun faɗa. "Ki faɗa mana tsakaninki da Allah. A ɗakin nan, ran Asabar, akwai wanda ya ce masa ya fitar da hannunsa?"

Na buɗe baki in faɗi maganar ran Laraba, da gyaran murya, da goran. Sai na ga in na fara ba inda zan tsaya sai a kan idona da kaina da na gyaɗa. Tambayar kuma an auna ta kamar yadda tela ke auna riga.

"Ba wanda ya ce masa komai, Ndoro."

Gaskiya na faɗa. Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta fi ta ƙazanta ba. Aka rubuta cewa ma'aikacin ya yi sakaci, ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, ya jefa babban baƙo cikin haɗari. Saboda tausayi ba a ce an kore shi ba, an ce an sallame shi.

Babana ya so a fasa auren. Na ce masa in aka fasa zan bi Mas Kuswadi ko ba aure, ya san kuma zan aikata. Aka ɗaura ba kiɗa. Da hannu ɗaya ya karɓe ni. Mbok Jinem tana wurin, ta tuna abin da ta taɓa faɗa, ta fita waje ta yi ta kuka a gindin mangwaro.

Ina nan a gidan rediyon har yanzu, don da albashina muke ci. An kawo sabon ma'aikaci daga birnin Semarang. An shafe jan fentin, an kafa allo mai firam da gilashi, an buga dokar da keken rubutu, a ƙasa ga sa hannun Ndoro Tirto. Har da ƙarin layi: an yafe wa ma'aikacin injin gaisuwa yayin da yake bakin aiki, ko wane ne ya shigo. Baƙi suna karantawa suna yaba hangen nesan shugaba.

Mas Kuswadi yana kiwon agwagi a bayan gidan iyayensa. Hannun rigarsa na hagu kullum a cuse yake a aljihu, yanzu ba mai cewa ya yi rashin kunya. Ba ya sauraron rediyo, ko muryata. Bai taɓa tayar da maganar ba, wannan shirun kuwa ya fi mini duka ciwo. Sai wata safiya, bayan shekara guda, na same shi yana fama da ɗaure ƙofar akurki da haƙori da yatsu uku. Na durƙusa a cikin taɓon na ce masa ni ce. Na gaya masa abin da na yi da idona, da abin da na ce wa kwamiti, da abin da ban ce ba.

Ya gama ɗaurin tukuna. Ya tofar da zaren igiyar.

"Na gan ki, Dik. Ai ke na duba."

"To ka zage ni. Ka ce wani abu, don Allah."

"Ke ba ki san wuta ba. Ndoro bai san ta ba, Kanjeng bai san ta ba. A ɗakin nan mutum ɗaya ne ya san ta." Ya dubi agwaginsa suna rububin dusa. "Kwamiti ya yi daidai. Tashi, zanenki zai ɓaci, za ki makara."

"Mas, ka bar ni in ɗauki rabona."

"A'a," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ki bar mini laifina. Shi kaɗai ya rage mini a sana'ar."